Zaɓen Masu Sa Wa 'Yan Sanda Ido A Ingila: Ina Gizo Ke Saƙar?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Maraɗi ya nufi Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, ko ya taso daga Birnin Ƙonni ya shiga Illela, ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da ake nufi da shingen bincike ba. Ya san yadda ake tsayar da mota, ya san yadda ake juya takarda ana neman laifin da babu shi, ya kuma san tambayar da ke tsaya masa a maƙogwaro bayan an sake shi, wato idan mai kaki ya zalunce ni, wurin wa zan kai ƙara? Wannan tambaya ce ta sa na ga ya dace a yau mu leƙa wata ƙasa mai nisa da ta yi ƙoƙarin amsa ta ta hanyar akwatin zaɓe, ta shafe shekaru fiye da goma tana gwadawa, daga ƙarshe kuma gwamnatinta ta fito ta ce abin bai yi ba. Ƙasar ita ce Birtaniya, musamman yankunanta biyu na Ingila da Wales.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mai karatu ya fahimci muƙamin da ake magana a kai, domin sunansa na iya ruɗarwa. A Najeriya idan aka ce kwamishinan 'yan sanda, ana nufin babban jami'i mai kaki da ke riƙe da rundunar jiha. A Ingila da Wales kuwa, wanda suke kira kwamishina a wannan fanni farar hula ne, jama'a ke zaɓensa duk bayan shekara 4, kuma aikinsa shi ne ya tsaya a kan shugaban rundunar 'yan sandan yankinsa ya ga yadda yake tafiyar da aiki. Saboda haka a wannan rubutu za mu kira shi kwamishinan sa-ido. Doka ta ba shi iko huɗu manya. Shi ke naɗa shugaban runduna, kuma yana iya sauke shi. Shi ke tsara kasafin kuɗin rundunar. Shi ke yanke kason da za a ɗora wa kowane gida a cikin harajin ƙaramar hukuma domin aikin 'yan sanda. Sannan shi ke rubuta tsarin abubuwan da runduna za ta fi bai wa muhimmanci a tsawon wa'adinsa. Amma doka ta hana shi cewa a kama wane ko a saki wane, domin wannan hurumin masu kaki ne.

Gwamnatin David Cameron ce ta kawo wannan tsari da wata doka ta shekarar 2011, lokacin Theresa May na riƙe da ma'aikatar harkokin cikin gida. Kafin nan, kowace runduna tana ƙarƙashin wata hukuma ce mai mambobi yawanci 17, tara daga cikinsu kansiloli, sauran kuma mutanen gari da aka naɗa. Hujjar gwamnati a lokacin ita ce babu wanda ya san waɗannan mutane, babu wanda ya zaɓe su domin wannan aiki, don haka gara a samu mutum ɗaya mai suna da fuska wanda idan ya gaza jama'a za su kayar da shi. A takarda wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ni kaina ban ga aibinta ba. Matsalar ta fara bayyana ne ranar da aka buɗe rumfunan zaɓe.

An yi zaɓen farko ranar 15 ga Nuwamba, 2012, a yankuna 41, ban da birnin Landan wanda yake da nasa tsarin ƙarƙashin magajin gari. Kimanin kashi 15 cikin 100 na masu rajista ne kawai suka fito. A birnin Newport na Wales an samu rumfar da aka wuni ana jira, ko mutum ɗaya bai zo ya jefa ƙuri'a ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An sa zaɓen cikin sanyin hunturu, ba a haɗa shi da wani zaɓe ba, sannan gwamnati ta ƙi ɗaukar nauyin aika takardun 'yan takara gida-gida kamar yadda ake yi wa masu neman kujerar majalisar dokoki, ta ce mai son bayani ya duba intanet. Bugu da ƙari, kafin mutum ya tsaya sai ya ajiye fam 5,000, alhali mai neman kujerar majalisa fam 500 yake ajiyewa. Ke nan an nemi jama'a su sayi kayan da ba a buɗe musu buhu sun gani ba, kuma kowane ɗan kasuwa ya san yadda irin wannan ciniki yake ƙarewa.

Duk da haka, zaɓen na 2012 ya zo da wani abin sha'awa. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta samu kujeru 16, jam'iyyar Leba ta samu 13, amma 'yan takara masu zaman kansu, waɗanda ba su tsaya da tutar kowace jam'iyya ba, sun lashe 12. Har John Prescott, wanda ya yi mataimakin firaminista daga 1997 zuwa 2007, ya tsaya a yankin Humberside ya sha ƙasa. A yankin Avon da Somerset kuwa, wata mata mai suna Sue Mountstevens ce ta ci, wadda ta fito daga gidan masu sana'ar burodi kuma ta taɓa zama alƙaliyar sa-kai a ƙaramar kotu. Tana hawa ta shaida wa shugaban rundunar da ta tarar cewa idan yana son ci gaba da riƙe kujerarsa sai ya sake nema kamar kowa, shi kuwa ya zaɓi ya tafi. Ta riƙe muƙamin har zuwa 2021. Wannan ya nuna cewa 'yan tsirarun da suka fito a karon farko sun fahimci abu guda: mai sa ido kan 'yan sanda bai kamata ya zama yaron wata jam'iyya ba.

To amma abin bai ɗore ba. Domin a magance ƙarancin fitowar jama'a, sai aka riƙa haɗa zaɓen da na ƙananan hukumomi a watan Mayu. Fitowar ta ɗan ƙaru, ta kai kimanin kashi 27 a 2016, da kimanin kashi 33 a 2021, wanda aka ɗage daga 2020 saboda annobar korona, sannan ta sake faɗowa ƙasa da kashi 25 a 2024. Sai dai waɗanda suka ƙaru ɗin ba domin 'yan sanda suka fito ba, sun zo zaɓen kansila ne aka miƙa musu takarda ta biyu, suka dangwala wa jam'iyyar da suka saba. Sakamakon haka masu zaman kansu suka koma 3 a 2016, a 2021 da 2024 kuwa ko ɗaya bai kai labari ba. A zaɓen 2 ga Mayu, 2024, kujeru 37 aka yi takara a kansu, masu ra'ayin riƙau suka ɗauki 19, Leba 17, jam'iyyar Plaid Cymru ta Wales kuma ta tsira da guda. An gudu ba a tsira ba ke nan: an samu ƙarin ƙuri'u, amma kujerar ta koma ganimar jam'iyyu.

A nan ne nake son mu tsaya mu dubi 'yan takarar kansu, domin a ganina a nan gizo ke saƙar. Idan aka duba waɗanda suka riƙa fitowa tun 2012, za a ga akasarinsu kashi uku ne. Akwai 'yan siyasa, tsofaffin 'yan majalisa da kansiloli, waɗanda jam'iyya ta tsayar. Akwai tsofaffin jami'an 'yan sanda da na soja da suka yi ritaya. Sai kuma 'yan ƙalilan daga cikin jama'ar gari, masu sana'a da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Kowane kashi yana da abin da yake tinƙaho da shi, yana kuma da raunin da ba ya son a ambata. Ɗan siyasa ya iya magana da jama'a, ya san hanyar ofisoshin gwamnati, amma idan jam'iyyarsa ce ke mulki kuma ita ce ta rage kuɗin 'yan sanda, da wuya ya buɗe baki. Tsohon ɗan sanda ya san lungu da saƙo na aikin, ba a yi masa rufa-rufa da alƙaluma, amma waɗanda zai bincika abokan aikinsa ne na jiya, wasu ma shi ya horar da su. Mutumin gari ba shi da wannan nauyi ko wancan, sai dai ba shi da kuɗin yawo a yankin da ke da mutum miliyan biyu ko uku.

Girman yankunan kansa wata matsala ce da ba a cika faɗa ba. Rundunar West Midlands, wadda ta haɗa da birnin Birmingham, tana kula da mutum kusan miliyan 3. Ta Dyfed-Powys ta mamaye fiye da rabin faɗin ƙasar Wales. Ta yaya mai ƙaramin kanti a wata unguwa zai san mutum ɗaya da ke wakiltar wannan taro, balle ya tare shi ya faɗa masa damuwarsa? Lokacin da kwamishinan sa-ido na West Midlands, Bob Jones, ya rasu a 2014 aka yi zaɓen cike gurbi, kimanin kashi 10 cikin 100 ne suka fito. Mutumin da ya hau kujera da irin wannan ƙuri'a, da wane ƙarfin gwiwa zai kalli shugaban runduna mai dubban jami'ai ya ce masa jama'a ne suka aiko ni?

Sai mu zo kan alƙawuran da 'yan takara ke yi, wato abubuwan da suke cewa za su sa a gaba. Duk wanda ya bi waɗannan zaɓuɓɓuka zai lura da cewa kusan waƙa ɗaya kowa ke rerawa: zan ƙaro 'yan sanda a kan titi, zan dawo da ɗan sandan unguwa, zan murƙushe masu laifi. Waƙar tana da daɗin ji, musamman ganin cewa tsakanin 2010 da 2018 an rage jami'ai kimanin 20,000 saboda tsuke bakin aljihu, kafin gwamnatin Boris Johnson ta yi alƙawarin ɗaukar wasu 20,000 a 2019. Amma gaskiyar magana ita ce mafi yawan kuɗin 'yan sanda daga gwamnatin tsakiya yake fitowa, kason harajin gidaje da kwamishina ke iko da shi kimanin kashi ɗaya ne bisa uku, kuma shi ma an yi masa iyaka. A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025, ƙarin da aka yarda ya yi wa gida mai matsakaiciyar daraja bai wuce fam 13 a shekara ba, in yana son fiye da haka sai ya kira ƙuri'ar raba gardama. Ashe ke nan babban alƙawarin ɗan takara yana rataye ne a kan abin da ba shi ke riƙe da mabuɗinsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, a cikin wannan hayaniya ta ƙarin jami'ai, ainihin aikin da aka ƙirƙiri kujerar dominsa yana komawa baya. An ce mutum ya zo ya sa ido, sai ya koma mai magana da yawun runduna. Alhali akwai ayyukan sa-ido na haƙiƙa da doka ta ɗora masa. Alal misali, wajibi ne kowane kwamishina ya tafiyar da shirin masu ziyarar ɗakunan tsare mutane, wato 'yan sa-kai daga cikin gari da ke da izinin faɗawa ofishin 'yan sanda dare ko rana ba tare da sanarwa ba, su gana da waɗanda ke tsare, su tambaye su ko an ba su abinci, ko an bar su sun ga lauya, ko an taɓa lafiyarsu, sannan su rubuta rahoto. Wannan shiri ya samo asali ne daga rahoton Lord Scarman bayan tarzomar unguwar Brixton ta Landan a 1981. Haka kuma tun 2020 an ba kwamishinoni hannu a sake duba ƙorafe-ƙorafen da jama'a suka kai a kan 'yan sanda idan ba su gamsu da amsar farko ba. Ga kuma batun tsayar da mutane a titi ana caje su, inda alƙaluman gwamnati na shekarar da ta ƙare a watan Maris 2023 suka nuna cewa baƙar fata ya fi farar fata fuskantar wannan da kusan ninki 4. Waɗannan su ne wuraren da talaka ke haɗuwa da ƙarfin hukuma ido da ido, amma ba su ne ake bugawa da manyan baƙaƙe a takardun yaƙin neman zaɓe ba.

Akwai wani misali da ya shafi masu saye da sayarwa kai tsaye, kuma ya kamata 'yan kasuwa su yi nazarinsa da kyau. Wata doka ta 2014 ta mayar da satar kayan kanti da darajarsu ba ta wuce fam 200 ba ƙaramin laifi da ake gamawa da shi a ƙaramar kotu. Masu kantuna suka daɗe suna kukan cewa ɓarayi sun ɗauki wannan a matsayin izini, kuma idan an kira 'yan sanda ba sa zuwa. Adadin satar kanti da aka rubuta a Ingila da Wales ya haura 400,000 a 2023, ya kuma wuce 500,000 a 2024. Da abin ya ishi manyan kamfanoni irin su John Lewis da Co-op da Boots, sai suka haɗa kai da kwamishinar sa-ido ta yankin Sussex, Katy Bourne, wadda ke kan kujerar tun 2012, suka kafa wani shiri mai suna Pegasus a 2023, suka zuba sama da fam 800,000 domin a samar da jami'an da za su riƙa bin sawun gungun ɓarayin da ke yawo gari-gari. A lokaci guda kuma shugabannin 'yan sanda suka yi alƙawarin fifita zuwa kanti idan an yi amfani da ƙarfi ko an riƙe ɓarawo. Da zaɓen 2024 ya zo, satar kanti ta shiga bakin 'yan takara da dama.

Darasi biyu ne a cikin wannan labari, ɗaya mai daɗi ɗaya mai ɗaci. Mai daɗin shi ne, idan masu sana'a suka haɗa kai, suka tara hujja da alƙaluma, suka yi magana da murya ɗaya, za su iya tilasta wa mai neman kujera ya saka damuwarsu a gaba. Mai ɗacin kuwa shi ne, waɗanda aka fara saurara su ne masu rassa ɗaruruwa da kuɗin da za su iya ajiyewa a kan tebur. Mai ƙaramin kanti a lungu, wanda shi da matarsa ke tsayawa daga safe zuwa dare, ya daɗe yana wannan kuka kafin manya su shigo. Abin da aka fifita a aikin 'yan sanda yana bin wanda ya fi tsari da naci ne, ba lallai wanda ya fi shan wahala ba. Wanda ya zauna shiru a shagonsa yana jiran a tuna da shi, zai daɗe yana jira.

Wata tambayar da tsarin ya gaza amsawa ita ce, idan shi mai sa idon ne ya kauce fa? A watan Agustan 2014 wani rahoto da Farfesa Alexis Jay ta jagoranta ya bayyana cewa an ci zarafin yara kimanin 1,400 a garin Rotherham tsakanin 1997 da 2013, hukumomi kuma suka kau da kai. Kwamishinan sa-ido na yankin South Yorkshire a lokacin, Shaun Wright, shi ne kansilan da ke kula da sashen yara na garin daga 2005 zuwa 2010. Firaminista ya nemi ya sauka, ministar cikin gida ta nema, jam'iyyarsa ta Leba ma ta nema, amma ya yi kusan mako uku yana kan kujera, domin babu wanda doka ta ba ikon cire shi. Akwai kwamitin kansiloli da ke bin diddigin kowane kwamishina, wanda zai iya hawa kujerar na-ƙi a kan ƙarin haraji ko naɗin shugaban runduna idan kashi biyu bisa uku na mambobi suka amince, amma ba zai iya dakatar da shi ba sai idan an gurfanar da shi a kan laifin da hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara 2. Sai da ya ga dama da kansa ya ajiye aiki a watan Satumba. An tara iko mai yawa a hannun mutum ɗaya, an bar jama'a da makami guda, shi ma sai bayan shekara 4 ake zare shi.

A watan Nuwamba na 2025 gwamnatin Leba ta sanar da cewa za a soke wannan muƙami idan wa'adin masu riƙe da shi ya ƙare a 2028, a miƙa aikin ga zaɓaɓɓun magadan gari kamar yadda aka riga aka yi a Landan da Manchester, inda babu su kuwa ga shugabannin ƙananan hukumomi. Ministar harkokin cikin gida, Shabana Mahmood, ta bayyana tsarin a matsayin gwajin da bai yi nasara ba. Masu kare shi sun ce an yi masa rashin adalci, domin komai ƙarancin ƙuri'ar da kwamishina ya samu, ta fi ta tsohuwar hukumar da babu wanda ya zaɓa, kuma kwamishinoni sun taimaka wajen samar da kuɗi ga cibiyoyin tallafa wa waɗanda aka zalunta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Haka nan akwai abin tsoro a sabon tsarin, domin magajin garin da ke fama da sufuri da gidaje da ayyukan yi, batun 'yan sanda zai zama ɗaya daga cikin goma a teburinsa, kuma mai jefa ƙuri'a ba zai iya hukunta shi a kan wannan kaɗai ba.

Ni dai ra'ayina shi ne, kuskure ne babba wani ya kalli abin da ya faru ya ce to ga shi nan, jama'a ba su damu da sa ido kan 'yan sanda ba, a bar wa manya abinsu. Mutane sun damu ƙwarai, abin da suka juya wa baya shi ne zaɓen mutumin da ba su sani ba, a yankin da ya fi ƙarfin ƙafarsu, a kan alƙawuran da ba shi da ikon cikawa. Akwatin zaɓe kayan aiki ne kamar ma'auni a kasuwa. Idan mai saye bai san yadda ake karanta shi ba, ko aka ajiye shi a inda ba ya gani, kasancewarsa a shagon ba za ta hana a tauye shi ba. Sa-ido na gaskiya yana buƙatar kusanci, yana buƙatar bayanan da kowa zai iya gani, yana buƙatar hanyar cire mai sa idon idan ya gaza ba tare da jiran shekaru ba, sannan yana buƙatar a nisanta shi da jam'iyya gwargwadon iko.

Wannan batu na jam'iyya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dattawa a Arewacin Najeriya suna tuna zamanin 'yan doka na En'e, da yadda aka riƙa amfani da su wajen takura wa 'yan adawa irin na jam'iyyar NEPU a shekarun 1950 da 1960, abin da ya kasance cikin dalilan da gwamnatin soja ta haɗe su da rundunar tarayya. Wannan tarihi ne ke dawowa duk lokacin da aka tayar da muhawarar 'yan sandan jihohi a can. Abin da ya faru a Ingila ya ƙara nuna cewa ko a ƙasar da kotuna da jaridu ke da ƙarfi, da zarar an buɗe ƙofar zaɓe a kan harkar tsaro, jam'iyyu ne ke fara shiga su zauna. Duk mai kiran a kawo ikon 'yan sanda kusa da jama'a, wajibi ne ya zo da amsar yadda za a hana shi faɗawa aljihun mai mulki.

To mu da ba mu da irin wannan zaɓe a ƙasashenmu, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne muna da zaɓen da ya fi shi kusa da mu, wanda kuma muke yi masa riƙon sakainar kashi. Ina nufin zaɓen shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na dillalai. Waɗannan su ne ke zama da shugaban ofishin 'yan sanda, da jandarma, da jami'an kwastan ko duwan idan an kama mota ko an tsare ɗan ƙungiya. A aikace su ne masu sa idonmu, ko doka ta kira su da haka ko ba ta kira su ba. Sau nawa muke zaɓensu saboda wane ya fi kuɗi, ko ɗan garinmu ne, ko kuma saboda an ce yana da hanya a wurin manya? Mai hanya a wurin manya zai iya fito maka da motarka yau, amma sau da yawa farashin wannan hanya shi ne ya yi shiru a kan shingen da zai sake tare ka gobe.

Saboda haka idan mai neman shugabancin kasuwa ya zo neman goyon bayanku, ku yi masa tambayoyin da masu zaɓe a Ingila ba su samu damar yi wa nasu ba. Ku tambaye shi abin da ke cikin ikonsa da abin da ba ya ciki, domin kada ya yi muku alƙawarin cire shingen da ba shi ya kafa ba. Ku tambaye shi ko zai buɗe littafi a ofishin ƙungiya da za a riƙa rubuta kowane ƙorafi, da rana, da wuri, da adadin kuɗin da aka karɓa ba tare da rasit ba, sannan a karanta wa mambobi jimillar duk wata, domin kuka ba tare da lissafi ba iska ke ɗauke shi. Ku tambaye shi wa zai je ya duba ɗan ƙungiya idan an tsare shi, kuma cikin awa nawa. Ku tambaye shi alaƙarsa da waɗanda zai riƙa fuskanta, ko akwai wata harka da ta haɗa su. Ku kuma tabbatar tsarin ƙungiyarku ya tanadi hanyar sauke shi kafin wa'adinsa ya cika idan ya juya muku baya. Wanda ya fusata da waɗannan tambayoyi tun yana neman kujera, ya riga ya ba ku amsa.

Haka kuma kada ƙananan 'yan kasuwa su bari manya su zama su kaɗai ke magana da sunan kasuwa. Mai tirela goma da mai ɗauko buhu biyu a kan babur ba damuwarsu ɗaya ba ce a bakin iyaka, kuma matan da ke tallar ƙosai da fura a tasha suna da nasu ƙorafin da ba ya isa ofis. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo, amma sai ya faɗa a inda ake yanke shawara kafin a zo gyara. Ranar taron ƙungiya, a rufe shago na awa biyu a je a zauna, a yi tambaya, a jefa ƙuri'a. Asarar cinikin awa biyu ba ta kai abin da ake bari a shinge ɗaya ba. Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, Ya kuma ba mu ƙarfin halin tambayarsu.